Ina Saurin Intanet Yake Maƙalewa A Ofishin Gida?

A cikin watan Maris na shekarar 2020 gwamnatin Nijeriya ta ba da umurnin rufe makarantu saboda annobar korona. Daga wannan lokaci ne mutane da dama suka mai da wani lungu na ɗakinsu, ko zaurensu, ya zama ofis. An buɗe makarantu daga baya, amma ofishin gida bai tashi ba. Malami yana shirya darasi da shigar da makin ɗalibai daga gida, ɗalibin Buɗaɗɗiyar Jami'a yana sauraren lacca daga gida, haka mai fassara da akawu da mai zanen gine-gine. Ga irin waɗannan mutane tsinkewar intanet ba ƙaramar hasara ba ce. Wanda hotonsa ya daskare ana tsakiyar yi masa tambayoyin ɗaukar aiki, ko wanda ya kasa tura takardar neman gurbin karatu kafin a rufe shafi da tsakar dare, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin da aka saba yi in intanet ya yi nauyi shi ne a zargi kamfanin waya, sa'an nan a sayi ƙarin data ko a sake layi. Wani lokaci laifin na kamfanin ne. Amma sau da yawa ciwon a cikin gida yake, kuma wanda bai gano inda yake ba zai yi ta zuba kuɗi a inda babu cuta.

Dokar randa mai huji

Ɗaliban ilmin halittu sun san wata doka da ake jingina wa Justus von Liebig, masanin harhaɗa sinadarai ɗan ƙasar Jamus, ko da yake wani ɗan ƙasarsu mai suna Carl Sprengel ya riga shi faɗinta tun a shekarar 1828. Dokar ta ce girman shuka bai dogara da jimlar abincin da ke cikin ƙasa ba, ya dogara ne da sinadarin da ya fi ƙaranci. Idan gona ta rasa sinadarin fosfaras, ko buhu nawa na takin yuriya manomi ya zuba, masararsa ba za ta wuce inda ƙarancin fosfaras ya tsayar da ita ba. Misalinta kamar randa ce mai huji uku a jikinta: komai yawan ruwan da aka zuba, ba zai tsaya sama da hujin da ya fi kusa da gindi ba.

To, haka saƙon intanet yake. Kafin shafi ɗaya ya buɗe a kan kwamfuta, saƙo yakan bi zango-zango. Yana tashi daga kwamfutar zuwa ga na'urar rarraba intanet ta cikin gida, wadda ake kira rauta. Daga rauta ya tafi turken sadarwa na unguwa, ko ya bi kebul. Daga nan ya shiga manyan wayoyin zaren gilashi da aka binne a gefen hanyoyin mota har zuwa gaɓar teku, kana ya nutsa ƙarƙashin ruwa zuwa wata babbar kwamfutar ajiya a Turai ko Amurka, in dai abin da ake nema ba a ajiye shi a kusa ba. Amsa kuma ta biyo sawu. Saurin da mutum yake gani a gabansa shi ne saurin zangon da ya fi kowane rauni. Gyara sauran zangunan ba ya ƙara komai.

Zangon teku ba a hannun mai gida yake ba, amma ya kamata ɗalibi ya san shi. Wayar SAT-3 ta fara aiki a shekarar 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, sa'an nan Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022. Ranar 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu, wato SAT-3 da MainOne da WACS da ACE, sun lalace a ƙarƙashin teku daura da ƙasar Kwaddibuwa. Bankuna da ofisoshi a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga wani hali, kuma gyaran ya ɗauki makonni. A irin wannan rana babu dabarar cikin gida da za ta yi amfani, sai haƙuri. Sai dai irin wannan rana ba kullum take zuwa ba.

Abu uku ake kira sauri

Kalmar sauri tana ɓoye abubuwa uku mabambanta, kuma rashin rarrabe su ne yake sa a sayi maganin da ba na ciwon ba.

Na farko shi ne faɗin hanya, wato yawan bayanin da zai iya wucewa cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna shi da megabit. A nan akwai wani tarko da mutane da yawa suke faɗawa. Kamfanoni suna tallar saurinsu da megabit, amma girman fayil da yawan data da megabayit ake ƙirga su, kuma bit 8 ne suke yin bayit 1. Saboda haka layin da ke da megabit 10 a daƙiƙa ba zai kawo fiye da megabayit 1.25 a daƙiƙa ba. Littafi mai nauyin megabayit 100 zai ɗauki daƙiƙa 80 kafin ya sauka, ba daƙiƙa 10 ba. Babu wanda ya cuci kowa, lissafi ne. Haka kuma hanyar tana da hannu biyu, na saukowa da na hawa, kuma a yawancin layuka hannun hawa ya fi ƙunci. Mai kallon fim hannun saukowa kawai ya dame shi. Mai aikin ofis kuwa, wanda yake tura takardu da hotonsa da muryarsa, hannun hawa ne rayuwarsa, kuma shi ne ba a cika ambata a talla ba.

Na biyu shi ne jinkiri, wato lokacin da saƙo yake ɗauka ya je ya dawo. Ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Babbar motar da ta ɗauko hatsi daga kasuwar Dawanau tana da faɗin hanya ƙwarai, domin ta ɗauki buhu ɗaruruwa, amma jinkirinta yana da yawa. Ɗan aike a kan babur bai ɗauki komai ba sai wasiƙa, amma nan da nan ya dawo da amsa. Hira ta bidiyo ɗan aike take so. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirin murya daga mai magana zuwa mai sauraro ya wuce milisakan 150, domin da ya zarce haka sai mutane su fara katse juna ba da niyya ba.

Wani ɓangare na jinkiri ba shi da magani. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin zaren gilashi. Wannan gudu ya fi ƙarfin tunani, in aka tuna cewa saƙon da ya fi sauri a jijiyoyin jikin ɗan'adam bai wuce mita 120 a daƙiƙa ba. Duk da haka, tafiya daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Fotugal, ta kai kilomita 8,000, zuwa da dawowa 16,000, wato milisakan 80 tun kafin a lissafa tsaye-tsayen hanya. Taurarin ɗan'adam da ke tsaye daura da wuri ɗaya suna nisan kilomita 35,786 daga ƙasa, shi ya sa jinkirinsu yake kaiwa wajen milisakan 600. Na kamfanin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba a galibin lokaci.

Na uku shi ne ɗorewa. Bayani ba ya tafiya a dunƙule, ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi ne, a harhaɗa a can. Idan wasu ƙunsoshin suka ɓace a hanya, ko suka iso a hargitse, sai murya ta riƙa tsinkewa, hoto ya daskare. Hirar bidiyo mai kyau ba ta bukatar fiye da megabit 3 zuwa 4 a kowane hannu. Ke nan layi mai megabit 8 da ba ya rawa ya fi wa ofis amfani a kan mai megabit 50 da yake zuwa yana ɗaukewa.

A auna kafin a kashe kuɗi

Hanyar gano hujin randar ita ce hanyar da ake koya wa kowane ɗalibi a ɗakin gwaje-gwaje: a sauya abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a maimaita awo, a rubuta. Akwai shafukan awo na kyauta, irin su Speedtest da Fast.com, waɗanda suke nuna saukowa da hawa da jinkiri. Amma a sani cewa kowane awo yana cin data, kuma yawan cin yana ƙaruwa da saurin layin.

Da farko a kashe intanet na duk wayoyin gidan, a bar kwamfuta ɗaya. A haɗa ta da rauta ta kebul, in ba hali a zauna dab da rautar, a yi awo sau uku, a ɗauki matsakaici. Wannan shi ne ma'aunin kwatanci, domin ya nuna abin da kamfani yake kawowa bakin ƙofa. Sa'an nan a koma kan teburin aiki a sake awo uku. Bayan haka a bar mutanen gida su kunna wayoyinsu, a sake. A yi hakan da asuba, da rana, da kuma bayan sallar isha'i, har tsawon mako guda.

Fassarar sakamakon ba ta da wuya. In awon kusa da rauta ya yi kyau amma na kan tebur ya faɗi, ciwon yana tsakanin rauta da tebur. In duka biyun sun yi kyau sai da aka kunna sauran wayoyi, to gidan ne yake cinye rabonsa. In kuwa da asuba komai lafiya amma da dare ya durƙushe ko a ina aka zauna, turken unguwa ne ya cika, domin duk masu amfani da turke ɗaya raba ƙarfinsa suke yi, kamar famfon unguwa da kowa ya kawo bokiti lokaci guda. Wannan na ƙarshe sayen sabuwar rauta ba ya warkar da shi. Sai dai a gwada wani kamfani, ko a mai da manyan ayyuka, kamar tura bidiyon darasi, zuwa asuba.

Bango da ruwa da kwano

Zangon da ke tsakanin rauta da tebur shi ne wanda ya fi yawan laifi, kuma shi ne ya fi arahar gyara. Wi-Fi igiyar rediyo ce. Ƙa'idarsa ta farko ta fito a shekarar 1997 da saurin megabit 2 kacal. Yawancin rautocin gida suna watsa saƙo a zango biyu: gigahaz 2.4, wanda tsawon igiyarsa ya kai santimita 12.5, da gigahaz 5, mai tsawon santimita 6. Na 2.4 ya fi ratsa bango da zuwa nesa, amma ya fi cunkoso kuma bai kai ɗayan sauri ba. Na 5 ya fi sauri, sai dai bango biyu ko uku sukan gama da shi. Saboda haka wanda teburinsa yake ɗaki ɗaya da rauta ya zaɓi na 5, na nesa kuma ya haƙura da 2.4.

Ko a fili, inda babu abin da ya tare, ƙarfin igiyar yana raguwa da sauri. In aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. In aka ninka sau uku, kashi ɗaya cikin tara. A cikin gida abin ya fi haka muni. Ƙofar katako da labule ba su cika tarewa ba. Bangon bulo na siminti yana ci ƙwarai, dakin da aka zuba da rodi a ciki ya fi shi, kuma katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen cikin birni ba ta bar baya ba, musamman da damina in ta sha ruwa. Ƙarfe kuwa mai da igiyar baya yake yi kamar yadda madubi yake yi wa haske: ƙofar ƙarfe, firji, kabad ɗin ƙarfe, rufin kwano.

Batun ruwa ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ƙwayoyin ruwa suna shanye ƙarfin igiyoyin da ke wannan zango, su mai da shi zafi. Da wannan dabara ce tandun lantarki na ɗumama abinci yake aiki, a gigahaz 2.45, shi ya sa in yana aiki kusa da rauta Wi-Fi yakan rikice. Duk wani abu mai ruwa shinge ne: randa, tankin ruwa, ganyen bishiya. Darbejiyar da ke tsakanin taga da turke tana rage sabis, kuma jiƙaƙƙen ganye ya fi busasshe tarewa. Jikin babban mutum ma wajen kashi 60 cikin ɗari ruwa ne, don haka falon da ya cika da baƙi yana iya raunana saƙon da ke ratsa shi. Wannan bai zama abin tsoro ba. Rauta tana fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na wat ɗaya, alhali tandu yana fitar da wat 700 zuwa 1,000 a cikin rufaffen akwati. Igiyar rediyo ba ta da ƙarfin tsinka sinadarin gado na cikin ƙwayar halitta, ba kamar hasken hoton ƙashi na asibiti ba. Jita-jitar da aka baza a 2020 cewa fasahar 5G ce ta kawo korona ba ta da tushe ko kaɗan. Ƙwayar cuta ce take haddasa korona, kuma cutar ta yaɗu a ƙasashen da ba su da 5G a lokacin, har da Nijeriya, wadda sai a 2022 aka fara amfani da fasahar a cikinta.

Abin yi a bayyane yake. A fito da rauta daga cikin kabad, daga bayan talabijin, daga ƙasan tebur. A ɗora ta sama, a sarari, nesa da ƙarfe da ruwa. Amma rautar da ake sa wa layin waya a ciki tana da bukata biyu masu karo da juna: tana son kusa da taga domin ta ji turke, tana kuma son kusa da tebur domin ta kai wa kwamfuta. A irin wannan hali a fifita taga. A zagaya da ita taga-taga ana awo, domin sandunan sabis da ake gani a jikinta ba ma'auni ne na ƙwarai ba. A shafin saitin yawancin rautoci akwai lambar ƙarfin sigina mai alamar ragi a gabanta: -80 yana da kyau, -100 ya yi rauni, -110 kuwa da ƙyar ne. In an sami tagar da ta fi, sai a ja kebul daga can zuwa tebur.

Kebul shi ne maganin da aka fi rainawa, kuma babu wanda ya kai shi. Kebul na kwamfuta samfurin Cat5e yana ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa har nisan mita 100, bango bai dame shi ba, rautar maƙwabci ba ta dame shi ba. Ƙananan na'urorin ƙara zango da ake maƙalawa a soket ba su kama ƙafarsa ba, domin mafi yawansu da baki ɗaya suke karɓa suna mayarwa, sai saurin ya ragu da kusan rabi. Ga mazauna gidan haya ko rukunin gidajen ma'aikata, inda rautoci suke da yawa, akwai ƙarin dabara: zangon 2.4 yana da tashoshi, amma uku ne kawai ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. A gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Masu ci a ɓoye

Waya tana aiki ko da tana cikin aljihu. Tana sabunta manhajoji, tana tura hotunan da aka ɗauka zuwa ma'ajiya, tana sauko da bidiyon da aka watso a zaurukan WhatsApp. Waya ɗaya da ke tura bidiyon biki tana iya toshe hannun hawa gaba ɗaya, ƙunsoshin muryar mai aiki su shiga dogon layi a bayanta. A saita wayoyi da kwamfutoci su yi irin waɗannan ayyuka da dare, a kuma sanar da iyali lokutan muhimmiyar ganawa. Kalmar sirri ta rauta a sauya ta daga wadda aka buga a jikinta, a zaɓi tsaron WPA2 ko WPA3, a riƙa duba jerin na'urorin da ke haɗe. In gida mai waya biyar ya ga suna goma sha biyu, ya san inda datarsa take tafiya.

Wuta da zafi da layi na biyu

A ƙasar Hausa ɗorewar intanet ba ta rabuwa da ɗorewar wutar lantarki. Kwamfutar cinya tana da batir, rauta ba ta da shi, kuma in ta mutu takan ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo, ganawa kuwa ta riga ta tsinke. Abin daɗin shi ne cinta kaɗan ne, wajen wat 10. Aikin awa 8 yana bukatar wat-awa 80. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 7 yana riƙe wat-awa 84 a lissafi, amma batirin dalma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, don haka awa huɗu za a sa rai. Ana sayar da ƙananan batura na musamman da ake sawa tsakanin soket da rauta, waɗanda suke karɓa nan take in an ɗauke wuta. A tabbata ƙarfin bolt ɗinsu ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan rautar.

Zafi ma abokin gaba ne. Galibin rautocin gida an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali a Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafin bazara yakan zarce haka a inuwa, balle a ɗaki mai rufin kwano ba silin. Na'urar da ta yi zafi takan rage saurinta ko ta kashe kanta. Saboda haka tagar da aka zaɓa kada ta zama wadda rana take duka, kada a lulluɓe rauta da ƙyalle don gudun ƙura, a dai riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga ramukan shan iskarta. Da damina kuma, in hadari ya taso da tsawa, a zare filogi da duk kebul ɗin da ya shigo daga waje. Masu kwanon tauraron ɗan'adam su sa rai da raguwar sabis in ana ruwa mai ƙarfi, saboda dalilin ruwan da aka bayyana a baya.

Wanda abincinsa ya rataya a kan intanet bai kamata ya dogara da layi ɗaya ba. Jiki ma ƙoda biyu aka yi masa. Layi na biyu ya zama na wani kamfani dabam, a ajiye shi a waya da 'yar data a ciki, a kuma gwada haɗa kwamfuta da shi tun kafin ranar bukata. Yawan datar da za a tanada lissafinsa mai sauƙi ne. Ganawar da ke cin megabit 3 a daƙiƙa, in aka ninka da daƙiƙa 3,600 aka raba da 8, ta ci megabayit 1,350 a awa ɗaya a hannun saukowa kaɗai. Kashe kyamara a bar murya yana rage wannan zuwa ɗan ƙaramin kaso.

Malamin kimiyya yana iya mai da wannan darasi aikin aji da waya biyu kawai. A kunna rarraba intanet a ɗaya a ajiye ta a kan tebur, a yi awo da ɗayar a nisan mita 1, da 5, da 10, da 20. A maimaita da bango a tsakani, sa'an nan da ƙofar ƙarfe, sa'an nan da jarkar ruwa cike dab da wayar farko, kana da jarkar babu ruwa. Ɗalibai su rubuta hasashensu kafin kowane awo, su zana jadawalin nisa da sauri, su kuma bayyana dalilin da ya sa aka sa jarkar da babu ruwa a cikin gwajin.